Wasiƙa Zuwa Ga Magatakardan Cikin Kwamfutata

Ranka ya daɗe, Malam Rajista,

Da fatan kana lafiya a lungun da kake zaune cikin Windows. Ni ne mai shagon buga takardu da hoton fasfo a nan Yelwan Yauri, wanda ka sa ya wuni yana zufa ranar Talatar da ta wuce. Shekara da shekaru muna shago ɗaya ban taɓa sanin kana nan ba, sai ranar da na sayo sabuwar firinta na tashi girka manhajarta, ka tare ƙofa.

Amsarka ta farko lamba ce, 1638, wai akwai wata irin manhajar a ciki, sai an cire ta tukuna. Na duba sama na duba ƙasa, babu. Ga wani dattijo ya taso tun daga Wara da takardun ƙungiyarsu ta masunta, yana zaune bisa benci, yana son ya kama motar komawa kafin la'asar. Ga wasu 'yan makaranta biyu daga Shanga. Kai kuwa ka kafe, ka ce tana nan.

Sai da na tsare yaron shagona da tambaya gaskiya ta fito. Watanni baya, da ya ga wuri ya cika, ya kama jakar tsohuwar manhajar ya share ta ɗungurungum, bai bi ta hanyar cirewa da aka tanada ba. Ya rushe gida bai gaya wa mai unguwa ba. Kai kuma sunan mai gidan na nan a littafinka, har gobe kana jiran harajinsa.

Dattijon nan na Wara ne ya fahimtar da ni halinka, shi da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Da na yi masa bayani sai ya yi dariya, ya ce ai wannan kututture ne. Tun da aka tare Kwara a Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gungu-gungu da gonaki da tsohuwar Bussa, aka tashi mutane wajen dubu 44 aka sake musu matsuguni, itatuwan wuraren ba su tafi ko'ina ba. Suna nan a ƙasa. Ka ga ruwa shimfiɗe lumui, ka jefa taru, ka ja ka ji ya ƙi zuwa. Haka cikinka yake, Malam, cike da kututturan manhajojin da muka ɗauka sun daɗe da tafiya.

Na bincika tarihinka, na ga ba yaro ba ne kai. A 1992 aka naɗa ka, zamanin Windows 3.1, lokacin da kowace manhaja ke riƙe da 'yar takardarta. Da Windows 95 ta zo aka tara littattafan a hannunka: wane ne ya shigo, ina ya sauka, wa ke da izinin taɓa me. Babban ɗakinka, HKEY_LOCAL_MACHINE, na kwamfutar ne gaba ɗaya, HKEY_CURRENT_USER kuwa na wanda ke zaune a kujera ne. Suna kamar na aljanu, amma dai ɗakin ajiyar takardu ne.

Na sake gwadawa, ka canza baki, ka ce 1402, wai ba ni da izinin buɗe wani shafi. Ni da na sayi kwamfutar da gumina! Ashe a wurinka mai shago daban, shugaba daban, sai na danna dama na zaɓi a tafiyar da aikin da sunan shugaba kafin ka miƙe tsaye. Ban ga laifinka ba sosai. Ko a fadar Sarkin Yauri ba kowa ke ɗaga labule ya shige ba.

Ana cikin haka wuta ta ɗauke. A bakin tafkin Kainji da ke ba ƙasa labarin lantarki muke, amma bari in yi shiru, wannan wasiƙar wani ce daban. Abin da ya shafe ka shi ne, in wuta ta yanke kana tsakiyar rubutu, sai ka bar layi rabi, ka riƙe cewa akwai aikin da ba a gama ba. Da na tada janareta sai ga 1618, wai wani girkin na kan wuta, in jira. Maganin wannan bai wuce a kashe a kunna ba, abin da na raina tun safe.

Wani maƙwabcina ya leƙo ya ce in sauko da manhajar wanke rajista daga intanet. Na san irinsu. Su ne masu maganin ranar kasuwa da lasifika, kwalba ɗaya tana kashe basir da shawara da ciwon baya. Za ta ce ta gano cuta ɗari bakwai a jikinka, ta share da mai laifi da marar laifi. Microsoft da ta haife ka ma ta ce ba ta goyon bayan amfani da su. Na ce ya bar ni.

Abin da na yi, don ka shaida ban ci mutuncinka ba: na fara ajiye madogarar komawa baya, na buɗe regedit na kwafe littafinka zuwa filashi, ko da hannuna zai zame. Ban goge komai da kaina ba. Na sauko da 'yar manhajar Microsoft mai warware matsalar girkawa da cirewa, ta jero sunaye, na ga mamaciyar a cikinsu, na nuna ta, ta tumɓuke kututturen. Na kashe na kunna, firinta ta shiga kamar ba ita ba.

Dattijon ya rasa motar la'asar, ya kwana wurin ɗan'uwansa a Yelwa. Ban karɓi kuɗinsa ba, shi kuma da safe ya aiko mini da busasshen kifi ƙulli guda.

Roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe. In ka sake ganin kututture, ka faɗi sunansa da bakinka, ka daina jifana da lambobi kamar mai kiran kati. Yaron shagon kuma na hana shi taɓa maɓallin sharewa sai ina tsaye a kansa.

Naka mai biyayya,
Mai shagon buga takardu, Yelwan Yauri