Yadda Za Ka Ɓata Allon Sauka da Maka Cikin Natsuwa

Na lura tun daga Anka, ka bi ta Daki Takwas har ka shiga Gummi, duk wanda ya sayi kwalin maka mai kala 12 ya zama mai zayyana a ranar. Ni ma haka na fara, don haka ku matso ku ji daga bakin wanda ya riga ku ɓarna.

Tunda kuɗinka ka sa, kada ka bar kala ko ɗaya ta yi zaman banza. Sha biyu ka saya, sha biyu za ka juye wa allon. Gaskiya ne tsofaffin masu zayyana da baƙi da ja da ruwan ɗorawa, wani lokaci da ɗan kore, suke fitar da allon da za a zagaya gari da shi ana ba yaro sadaka. Kayan aikinsu alƙalamin gamba ne da tawadar da aka haɗa da ƙaro. Sukan ce kala uku da suka san juna sun fi goma da ke gaba. Kada ka kula su, ai rashin shagon litattafai ne ya sa.

Ka fara da baƙi, ka cika shi da kyau. Ruwan maka shara-shara ne, kamar mayafin da ake hango abin da ke ƙarƙashinsa. Mai duhu yana hawa mai haske ya zauna daram, amma mai haske ba ya rufe mai duhu ko za ka kwana kana gogawa. Masu hankali sukan fara da kala mafi haske, su bi da mai ɗan ƙarfi, baƙi ya zo ƙarshe kamar mai gari wajen taro. Sukan kuma bar farin takarda a inda suke son haske, tunda babu fari a kwalin. Kai kuwa idan ka ja ɗorawa a kan ɗanyen baƙi, bakin makar zai kwashi baƙin, daga nan duk inda ka taɓa sai ya fito kamar an shafa toka. Ka ɗora ja a kan kore kuma, nan take za ka samu launin gulbin Zamfara a watan Agusta.

Maka iri biyu aka fi sani, mai ruwa da mai sifirit. Mai ruwa ita ce ta 'yan firamare, mai arha, in ka maimaita wuri sau uku sai takarda ta fara saɓa. Mai sifirit ita ce ta ƙwararru, irin Copic da Japan ta fitar a 1987, wadda yanzu take da kala 358. Kada jin sunan sifirit ya tsorata ka. Ko da yake tun 2000 ake shari'a a jiharmu ta Zamfara, ban taɓa jin Hisbah ta kama wani da kwalin maka ba. Abin da zai kama ka hunturu ne. Sifirit gudu yake cikin iska, saboda haka ka ba ƙanenka murfin ya yi usur da shi, ka tafi sallar la'asar. Kafin ka dawo makar ta riga mu gidan gaskiya.

Ga inda na fi ƙwarewa. Idan kana cike fili mai faɗi, dole hannu ya yi ta tafiya tun wurin yana ɗanye, layi na bin layi, don su narke cikin juna. Haka ma in za ka haɗa kala biyu, sai ka sadar da su kafin ta farko ta bushe, wanda a zafin Afrilu na Bukkuyum bai wuce ƙiftawar ido ba. To, kana tsaka da haka maƙwabci zai yi sallama. Ka ajiye maka ku gaisa yadda ya kamata. Ina gajiya, ina iyali, ya gona, ya mai jiki, ya aka ji da hanya. In ya juya zai tafi ka ce a gaida gida, ya dawo ku sake sabon zagaye. Da ka koma kan aiki za ka tarar da layi ya ratsa tsakiyar filin, baro-baro kamar iyakar gonar gado, kuma ba sulhun da zai share shi.

Kada ka gwada kala a gefen wata takarda, kada ka fitar da zanen da fensir tukuna, kada ka sa komai a ƙasa. A kan tsuran itacen aduwa ruwan maka bin jijiyar itace yake, layinka ya yi gashi. A kan takarda kuwa ratsawa yake ya sauka ƙasa. Ni a kan farin zanen gadon Inna na yi aikina na farko. Har yau zayyanar tana nan, ta ma fi ta allon fita.

Abu ɗaya ne ba raha a ciki. Tawada ana wanke ta a sha, maka ba a sha. Kada wani ya yi rubutun sha da ita, kada a bar yara su tsotsa.

In ka gama, ka jingine allon inda rana ke dukansa, domin rinin maka ba ya jure rana, ja ya koma ruwan hoda, shuɗi ya yi hijira. Nawa bai ma kai nan ba. Na miƙa wa Malam da hannu biyu ina jiran yabo. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya gyara tabarau.

"Ɗana, wagga zayyana ta, ko awaki sunka bi ta kai?"

"Allah gafarta Malam, sabon salo ne."

Ya kira wani almajiri ya ce ya ɗauko masa tawada da alƙalami, sannan ya tambaye ni ko ina da wani allon.