Daren da Na Kwana da Soso a Ka

Gashina ya ga duniya. Ya sha shuku da kalaba a hannun masu kitson da ba su san tausayi ba. Ya sha rilaksa har fatar kai ta saɓule. Ya sha ƙarfen miƙar da gashi, wanda zafinsa kan kai digiri 230, in aka ɗora shi ƙauri ya cika ɗaki. Shi ya sa da na ga matan TikTok suna naɗe gashinsu da rolar soso su yi kwanciyarsu, gari na wayewa su warware ya zubo a murmurɗe, ba wuta ba hayaƙi, na ce abin nema ya samu. Ga bikin 'yar yayata ya matso, ga dangin ango 'yan gayu ne.

A Kasuwar Sabon Gari na samo ta. Ba wani abin a zo a gani ba ne: guntun soso ruwan hoda, an soka masa ƙashin roba a tsakiya, da maƙalin da ke danne gashi. Mai shagon ya rantse mini matan Abuja ba su da abin da ya fi shi. Sai da na biya kuɗi ya tura hularsa baya yana sosa kai, na ga ashe sanƙo ne tal.

Daren jajibirin kamu, bayan isha'i, na wanke kai na goge sama-sama da tawul. A bidiyo an ce gashi ya kasance da ɗan danshi. Nawa ɗiga yake yi. Na zauna gaban madubi ina tsagawa ina naɗewa, kowace rola sai na ja ta har girata ta ɗaga, don a lissafina abin da aka matse shi ke kamawa. Kafin in gama, ƙifta ido ya zama aiki.

Maigida ya shigo, ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe.

"Lafiya dai ko?"

"Gyara ne."

"To, Allah ya sawwaƙe."

Na kwanta ta dama, roba ta soke ni a bayan kunne. Na juya hagu, wata ta karɓi aiki. Na yi rigingine, kaina ya tsaya a sama bai taɓa matashi ba, wuya ya ɗau kaya. Na kife, numfashi ya gagara. Ga sanyin hunturu yana shigowa ta ƙasan ƙofa yana neman jiƙaƙƙen kai. A zaune na ƙarasa daren, na jingina da bango ina gyangyaɗi, ina jin munsharin bawan Allah da bai taɓa neman murɗaɗɗen gashi ba a rayuwarsa.

Da asuba aka zo wajen alwala. Shafar kai dai hannu ne ya tashi daga goshi ya je ƙeya ya dawo. Nawa hannun tun a tashar farko ya ci karo. Hijabi kuma ya ce bai san zancen ba, wuyansa ya ƙi wucewa, sai mayafi na yafa. Autana ya farka ya hango ni tsaye cikin duhu, ya ƙwalla ƙara yana kiran babansa. Shi kuwa uban, maimakon ya rarrashi yaro, cewa ya yi ai dole ya tsorata, kaina ya koma buhun dankali da aka lulluɓe da zane. Da na zo sujada, rolar gaba ta riga goshina isa ƙasa, dole na sallame na cire ta na sake kabbara.

Da hantsi na zauna girbin abin da na shuka. Ta farko ta fito da murɗi mai kyau, saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Ta biyu bayanta a bushe, cikinta sharkaf, gashin ya zubo laɓe-laɓe da shatin maƙali a tsakiyarsa. Na ƙeya kuwa suka ce ba inda za su. Bakin gashin ya shige ramukan soso ya cukurkuɗe. Na ja, na ji ƙas-ƙas. Na duba soson, ga guntayen gashina kwance a ciki. Na rarumo diraya, babu wuta.

Na aika a kira mini Inna mai kitso, maƙwabciyarmu. Ta zo da kibiya da kwalbar man kaɗanya, ta zagaya ni sau ɗaya tana salati.

"Ke 'yar nan, wa ya aike ki?"

"Inna, ba a sa masa wuta ne, shi ya sa."

"Wuta kaɗai ke cin gashi? Soso fa aikinsa shanyewa. Ya sha ruwan, ya sha man, ya bar miki busasshe cikin hunturu. Kuma wannan jan da kika yi, shi ke cinye gaban goshi. Ko kitso ne in ya cika tsauri haka yake yi. Mu da muka tashi da kitson zare, wace wuta muka sa?"

Ƙanwata malamar kimiyya ce a sakandare, ta zo biki ta sauka a gidana. Tana gefe da ƙosai a hannu, ta ga aji ya samu.

"Yaya, gashi da farce abu ɗaya ne ya gina su, keratin. Ruwa yana kwance ƙananan ɗaurin da ke cikin silin gashi, in ya bushe su sake ɗaurewa a yadda suka tarar da shi. Murɗin ke nan. In bai bushe har ciki ba, kin yi aikin banza. Kuma jiƙaƙƙen gashi ya fi saurin talewa ya tsinke. Balle naki da rilaksa ta riga ta karya masa manyan ɗaurin, ai wata ma da sodar da ake sabulu ake yin ta."

"To rolar ce mai laifi ko ni?"

"Rola ta fi ƙarfe mai zafi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma akwai mai rigar satin, ita ake saya, ko a naɗe bakin gashi da siririyar takarda kafin ya taɓa soso. A shafa mai, a bar danshi kaɗan, a naɗa sakwa-sakwa, a warware a hankali ba fizga ba. Kuma ba kullum ba."

Inna ta ciro ta ƙarshe ta miƙo mini madubi. Gefen hagu na ƙeyata ya fi na dama gajarta, ko makaho ya shafa zai faɗa. Na tambayi malama yaushe zai dawo.

"Gashi yana tsawon kamar santimita 1 ne a wata. Zuwa sunan ɗan fari na amarya, in sha Allahu."

Garin gyaran gira ke nan. Inna ta kama mini kitso manya-manya, mai ɗaurin kai ta zo ta kafa mini gwaggwaro har kunne. Da na shiga wajen kamu na duba dama da hagu: kowace mace kanta a ɗaure, daga uwar ango har 'yan matan amarya, ko sili ɗaya ba a gani. Wata daga dangin ango ta riƙo hannuna ta ce, "Hajiya, wa ya yi miki ɗaurin nan? Ki ba ni lambarta."

Rololin yanzu suna kicin, su ke wanke wuyan filas da gindin kofunan shayi, kuma ban taɓa ganin abin da ya kai su iya wannan aiki ba. Shekaranjiya na ci karo da wani bidiyon, wai da safa ake naɗe gashi, ta fi soso laushi. Maigida ya leƙo wayar ta kafaɗata bai ce uffan ba. Da safe na buɗe durowarsa, ko ƙafa ɗaya babu. Duk ya kwashe ya kulle a but ɗin mota.