Jarin da ba ya haihuwa

Ɗan wana ya dawo Ɗambatta hutun makaranta da sabon jari: tara bidiyon ƙwallon kwando a waya. NBA Top Shot ake ce wa kasuwar, kamfanin Dapper Labs ya buɗe ta a 2020. A Fabrairun 2021 wani ya sayi guntun bidiyon LeBron James yana danna ƙwallo a raga kan dala 208,000.

Tsohonmu na gindin rumbu yana ɓarar gyaɗa. Ya ce, "Kai ja'iri, wanda ya saya shi kaɗai ke kallo?"

"A'a, Kaka, kowa na gani kyauta. Lambar mallaka ce tasa."

"Tana haihuwa?"

"A'a."

"Taki fa?"

Yaro ya sunkuyar da kai. A ƙasar da gona ke manne da gona, jaki ke jigilar taki tun rani, wannan tambaya ba wasan jika da kaka ba ce kawai.

Kafin 2022 ta fita farashin irin waɗannan bidiyo ya yi warwas. Jar akuyar Kaka kuwa ta haifi biyu.