Ranar da 'Yan Sintiri Suka Taya Ni Atisaye

A unguwarmu magidanci ba ya sheƙawa da gudu sai da dalili: gobara, ko naƙudar iyali, ko hango mai bin bashi. Sassarfa kam an yarda da ita, musamman ga mai tumbi irina. Na daɗe ina yin abata bayan sallar asuba, hanya ɗaya, taki ɗaya, har mai ƙosan bakin titi takan jira wucewata kafin ta ɗora kasko.

Ɗan ƙanwata, malamin motsa jiki a wata sakandare, shi ya ɓallo mini ruwa. "Kawu, jikinka ya haddace wannan gudun," in ji shi. "Abin da jiki ya saba da shi ba ya ƙara masa komai." Ya raba mini mako: ranar dogon gudu a hankali, don zuciya ta riƙa tura jini da yawa a kowane bugu; ranar hawan tudu, don ƙarfin cinya; ranar cakuɗa gudun tsiya da sassarfa, don sauri; da hutu a tsakani. Ya kafa hujja da Emil Zatopek na Cekoslobakiya, wanda ya yi ta maimaita gudun mita 400 a atisaye, har ya kwashe zinare uku a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952: mita 5,000, mita 10,000 da gudun yada ƙanin wani.

Na fara da dogon gudu. Yaron ya ce ko Eliud Kipchoge na Kenya, yawancin atisayensa ba da ƙarfi yake yi ba, kuma alamar an dace da taki ita ce mutum ya iya hira yana gudu. Na kuwa dace. Wani maƙwabcina ya jero da ni, da silifas, yana tafiyarsa ta kullum, yana ba ni labarin bikin 'yarsa. Kafin mu rabu na yi alƙawarin buhun shinkafa.

Hawan tudu a Dutsen Dala na yi shi. Hawa ya ci numfashi, amma ashe saukowa ce ke ɓarna, kuma ciwonta ba ya zuwa sai an kwana ɗaya ko biyu. A kan kujera na yi sallah, har abokan sahu suka zo dubiya. Uwargida tana shafa mini man zafi ta ce, "Maigida, shi Baturen naka haka ake kama shi a ɗaga daga tabarma?"

Sai ranar sauri. Wani koci ɗan Suwidin, Gosta Holmer, ya fito da tsarin da ake kira fartlek a shekarun 1930: ka zaɓi bishiya ka sheƙa gare ta, ka sassauta har numfashi ya dawo, ka sake zaɓar wata. Su a dazuzzuka suke yi. Ni a lungunmu na yi, da falwayoyin lantarki.

Daga teburin mai shayi na zabura. Almajiran da ke zaune wurin ba su tsaya tambaya ba, suka rufa mini baya. Mai ƙosai ta sauke kasko. Da na kai falwayar farko na sassauta, kamar yadda aka tsara. Su ma suka sassauta, kowa na waige. Ina sake zabura, wani ya ƙwala ihu: "Ɓarawo!" Na ji usur, na ji ƙarar gora a ƙasa. Na ce a raina, lalle akwai mugu a bayana, bari in ba shi hanya. Tun ina makarantar kwana ban yi irin gudun nan ba. Sai da na ratsa layi na shiga wani, sannan na lura duk inda na karya kwana, ihun ma ya karya.

A bakin masallaci numfashi ya ƙare. Shugaban 'yan sintiri ya iso yana haki, ya haska mini tocila a fuska.

"Alhaji! Kai ne? Wa ya biyo ka?"

"Ku."

"To, kai wa kake bi?"

"Falwaya."

Magana ta je gaban mai unguwa. Bayan ya gama share hawayen dariya, ya yanke cewa gudun tsiya sai a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Amma abin da ya fi damunsa shi ne samari majiya ƙarfi sun kasa cim ma dattijo mai tumbi. Nan take ya ba da umarnin su riƙa bi na atisaye duk Talata, mu tafi da gudu tun daga gida. Don gudun rashin fahimta, ya ce su a gaba, ni a baya.

Sauri kam ya samu, tumbi ma ya fara ja da baya. Sai dai yanzu tambayar da ke yawo a majalisun unguwa ita ce: wai me 'yan sintiri suka sace wa Alhaji?