Masu Shinshina da Masu Haɗiyewa

Taro ne ya kai ni Kef Tawun a Afirka ta Kudu. Ranar ƙarshe masu masaukinmu suka kwashe mu zuwa wata gonar inabi a wajen Stellenbosch, garin da Turawan Holan suka kafa a 1679, wai a je ɗanɗanon giya. Ni da giya sai dai kallo, saboda haka aka miƙo mini ruwan inabi zalla, na ja kujera inuwa na zuba ido. Watan Fabrairu ne, lokacin girbinsu, rana kamar ta Sakkwato.

Wanda ya fara ɗaukar hankalina shi ne Masani. Ya ɗaga kofi sama yana ƙare masa kallo kamar mai neman jinjirin wata, ya jujjuya shi, ya cusa hanci ciki, ya lumshe ido. Can sai ya sanar da mu cewa yana jin ƙamshin fata da ɗan hayaƙi da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ce a raina, bawan Allah, in warin fata kake so ai da ka zo majema a Kano, kyauta ne. Yarinyar da ke zuba musu ta yi bayani cewa inabin sunansa Pinotage, wani malamin jami'a Abraham Perold ne ya haɗa shi daga iri biyu a 1925. Masani ya katse ta, ya maimaita mata abin da ta faɗa, har da ƙarin kuskure.

Ƙa'idar wurin ita ce a kurɓa, a jujjuya ta a baki, a tofar cikin wani ɗan bokiti. Wani da na raɗa wa suna Haɗiyau bai san da wannan doka ba, ko kuma ya sani ya ga asara ce. A kofi na farko ko gaisuwa ba ya amsawa. A na biyar ya rungume direbanmu yana ba shi labarin yadda matarsa ta bar shi.

Akwai Uwar Hoto, wadda ta riƙe kofi ɗaya awa guda ba ta kai shi baki ba, tana sa mijinta ya tsuguna, ya miƙe, ya koma baya don duwatsu su fito. Akwai Ɗan Lissafi, da ya ji ganga ɗaya tana cin lita 225 sai ya zaro waya yana buga riba. Sai wani tsoho da cuku da biskit kawai suka kawo shi, kuma ya yi musu adalci.

Amma gwanin ranar ɗan gida ne, namu. A mota ya fi kowa tsine wa barasa. Da muka isa ya ce shi shinshinawa kawai zai yi, don ilimi. Ya shinshina, ya waiga dama, ya waiga hagu, muka haɗa ido. "Malam," in ji shi, "ai wannan ba ta da ƙarfi." Ban ce komai ba. Daga nan duk lokacin da Uwar Hoto ta ɗaga waya sai ya ɓuya bayan ganga.

Da za mu tafi na leƙa bokitin tofin. A bushe yake ƙamas.