Jagoran Nas Mai Shirin Ajiye Allura Ta Ɗauki Alƙalami

Marubuci mai zaman kansa shi ne wanda sunansa ba ya cikin jerin masu albashin wata jarida ko ma'aikata, sai dai ya rubuta, ya aika, a biya shi gwargwadon abin da aka karɓa. Ma'aikaciyar jinya, wato nas, da ke sha'awar komawa wannan sana'a tana da magabata na kirki, domin Mary Seacole ta wallafa tarihin rayuwarta a 1857, Florence Nightingale kuma ta fitar da littafinta Notes on Nursing a 1859, dukansu bayan sun yi jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya. A wannan zamani ma, Christie Watson, wadda ta yi kimanin shekara 20 tana jinya a Ingila, ta ci kyautar adabi ta Costa ta 2011 a rukunin littafin farko da ƙagaggen labarin da ta gina a yankin Neja Delta.

Abin da ya kamata nas ta fara sani shi ne ta daɗe tana rubutu, tun da ba a sauka daga duti sai an rubuta rahoton miƙa aiki, wato bayanin da ake bar wa mai karɓar majiyyata. Matsalar ita ce wannan horo ya koya mata tsimin kalmomi, har takan tattara dare guda cikin layi ɗaya, cewa majiyyaci ya sha magani, ya yi barci, ba ƙorafi, alhali edita yana jiran kalmomi 800. Haka kuma gajerun alamomi irin su tds, da ke nufin sau uku a rana, dole a bar su a cikin fayil, saboda mai karanta jaridar Aminiya a tashar mota bai taɓa bin likita zagaye ba. Gwajin da ya fi inganci shi ne ta karanta wa wata tsohuwa a gida abin da ta rubuta kan hawan jini, kuma idan bayan an gama tsohuwar ta ce, "To, 'yar nan, gishirin ne zan bari ko magin?", to, da sauran aiki.

Batun kuɗi yana bukatar dakiya. Albashi yana da ranar da ake sa ransa, kuɗin rubutu kuwa yakan iso bayan an manta da shi, don haka rubuta takardar ajiye aiki tun kafin a sami masu saye biyu ko uku tsayayyu sakin reshe ne a kama ganye. Ya fi dacewa ta fara a ranakun hutun da ke biyo bayan aikin dare, ta riƙa sabunta lasisinta a Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, kuma ta koyi tambayar farashi kafin ta taɓa kwamfuta. Wadda ta iya korar dangi goma daga bakin gado idan lokacin dubiya ya ƙare ba ta da dalilin jin nauyin tuna wa edita bashi.

Inda babu wasa ko kaɗan shi ne sirrin majiyyaci. Nas ta ga mutane a halin da ko danginsu ba su gan su ba, an kuma faɗa mata abin da ba a faɗa wa miji ko uwa, saboda haka labaran da suka fi jan hankali a cikinta su ne waɗanda ba ta da ikon sayarwa. Sauya suna kaɗai ba ya wadatarwa, domin a ƙaramin gari ambaton unguwa da sana'a da yawan haihuwa ya isa kowa ya gane wadda ake nufi. Ko dai ta nemi izinin mai labarin a rubuce, ko ta rubuta a kan cutar ta bar mutumin, kuma ta tsaya a iyakar iliminta, ta tuntuɓi likita ko masanin magunguna a kan abin da ya wuce fanninta, tun da mai karatu zai iya sayen magani a kan maganarta.

Daga ƙarshe akwai maƙwabta, waɗanda da zarar sun ji "Sista" ta koma zaman gida za su ɗauka an buɗe musu asibiti kyauta, wannan ta zo awon jini, waccan ta kawo kati a karanta mata. Bai kamata a kore su ba, sai dai a sanya musu lokaci, misali bayan la'asar, a kuma ajiye ƙaramin littafi a kusa, domin tambayar da mata uku suka yi a mako guda kan ruwan gishiri da sukari, wanda ake ba yaro mai gudawa, ita ce za ta aika wa edita ranar Litinin.