Ba Tsere Muka Zo Ba

Filin tseren motoci na Brands Hatch yana gundumar Kent, kimanin mil 20 kudu maso gabas da Landan. Tsakanin 1964 da 1986 ya karɓi baƙuncin babbar gasar Formula 1 ta Birtaniya sau 12, kuma a nan ne Nigel Mansell ya fara cin tseren Formula 1 a 1985. A ranakun da babu gasa akan buɗe shi ga gama-garin mutane: ka biya kuɗinka, ka zo da motarka, ka kifa hular kwano, ka taka totur iya ƙarfin zuciyarka. Ba kofi, ba na ɗaya ba na biyu, auna lokaci ma haramun ne. Da sassafe ake tara jama'a a ɗaki a karanta musu ƙa'idoji, kowa ya gyaɗa kai ya ce ai ba tsere muka zo ba. Daga nan sai kowa ya fita ya kama tsere.

Wanda ido ke fara kamawa shi ne sarkin ado. Abin da ake nema wurinsa bai wuce hular kwano da suturar da za ta rufe hannu da ƙafa ba, amma shi ya zo cikin kayan da ba sa cin wuta tun daga wuya har idon sawu, da safar hannu, da takalmin tsere mai ƙamshin kanti. In ya tsaya jikin motarsa sai ka rantse jiya ya sauka daga Monako. In ya shiga fili kuwa, kowa sai ya wuce shi, har wata dattijuwa mai ƙaramar Renault Clio.

Kusa da shi akwai injiniyan sa-kai. Wata guda ya yi yana shiri. Ya sauya man birki, ya sa sabon takalmin birki, ya ɗaura ƙugiyar ja a bamba, ya zo da akwatin sifana da littafin da yake rubuta iskar kowace taya. Haushin da yake ba mutane shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Taya in ta ɗau zafi iskarta hawa take yi, dole a rage. Man birki kuma ruwa yake zuƙa daga iska yau da gobe. Sabon man birki irin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai akalla digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, tsoho kuwa tun da wuri yake sallamawa. Sai dai shi injiniya zagaye uku yake yi ya dawo ya durƙusa gindin taya. Da yamma in aka lissafa, ma'aunin iskarsa ya fi injinsa wahala.

Kishiyarsa shi ne Allah-na-nan. Daga gida ya taho kai tsaye, kujerar jariri na baya, but cike da tarkace, kwalbar ruwa na gangarawa ƙarƙashin kujera tana neman hanyar shiga ƙarƙashin birki. Bayan ƴan zagaye sai ya taka birki ya ji ƙafa ta nutse har ƙasa. Allah ya kiyaye, ya lallaɓo ya dawo, faifan birki na hayaƙi. Maimakon ya yi zagaye ɗaya a hankali mota ta huce, ya tsaya cak ya ja birkin hannu, abin da aka ce kada a yi, don takalmi kan manne wa faifai mai zafi. Injiniya na hango shi daga nesa, har ya fara naɗe hannun riga yana murmushi.

Mai ƙarar salansa ba ya ɗaukar lokaci. Filin yana da maƙwabta, saboda haka kafin a bar mota ta shiga sai an kara na'ura rabin mita daga bakin salansa, an taka injin zuwa kashi uku cikin huɗu na ƙarfin juyinsa. Iyaka yawanci ba ta wuce desibel 105. Shi ko ya kashe kuɗi ne musamman don a ji shi daga unguwa ta uku. Yanzu ga shi yana zagaya mutane yana tambayar wa ke da abin toshe salansa.

Amma babban gwarzon ranar, wanda babu filin da ba ya halarta, shi ne mai babbar mota da ya yi gaba da madubi. Porsche 911 GT3 ce ko makamanciyarta, doki wajen 500 a ciki. Ƙaramin zagayen Brands Hatch, wanda ake kira Indy, bai cika kilomita 2 ba, kuma kusan duk kwana ne. A miƙaƙƙiyar hanya mutumin nan yakan ɓace kamar an harba shi. Da ya doshi Paddock Hill, kwanar dama da ba a ganin ƙarshenta sai an faɗa gangare, sai ya danne birki tun daga nesa ya bi ta kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Kafin ya kai lanƙwasar Druids, wata tsohuwar Mazda MX-5 da ba ta fi kuɗin tayoyinsa da yawa ba ta manne masa a baya. Ƙa'ida a nan a fili take: ba a wucewa a kwana, sai a miƙaƙƙiyar hanya, ta hagu, kuma da yardar na gaba, wanda zai kunna sigina ya raɓe dama ya ɗan saki totur. To, sakin totur ɗin nan ne ba ya cikin jininsa. Yakan raɓe dai don a ce ya bi doka, amma ƙafa na ƙasa, ya sake ɓacewa, a sake kamo shi a kwana ta gaba. Masu kula da fili su yi ta kaɗa masa shuɗiyar tuta har hannu ya gaji. Bayansa layi ya miƙe, motoci shida, bakwai, kowa na zagi cikin hular kwano. Da aka fito sai ya ce wa na kusa da shi yau fili ya cika da masu tafiyar hawainiya.

Mai Mazdar ba ya cewa uffan. Dattijo ne mai furfura, ya zo da filas ɗin shayi da kujerar naɗewa. Ba ya taka birki da fushi, ba ya fisgar sitiyari, idonsa kullum yana can inda zai fita daga kwana, ba kan hancin mota ba. In sabon shiga yana da wayo, wannan zai roƙa ya ɗauke shi zagaye biyu. Kaɗan ne ke da wannan wayon, don wa zai bar motar fam dubu ɗari ya shiga ta fam dubu uku neman ilimi?

Akwai kuma wanda sai yana tsakiyar kwana yake tuna cewa inshorarsa ta titi ba ta san da zaman filin tsere ba, kuma in wani ya buge shi a nan kowa nasa zai gyara. Daga wannan lokaci tuƙinsa ya koma na mai kai amarya. Shi dai ba ya cutar da kowa, yana ba da hanya tun ba a tambaya ba.

Bayan an ci abincin rana, ciki ya ɗauka, tsoro ya ragu, sai mai agogon ɓoye ya bayyana. Ya sa waya a aljihu tana ƙirga masa daƙiƙa, ya ƙudurta sai ya rage ɗaya. Malamin tuƙin da aka haɗa shi da shi da safe ya ce masa ya riƙa shiga kwana a hankali ya fita da gudu. Shi ya juya karatun. Paddock Hill ta karɓe shi, ta miƙa shi cikin tsakuwar da aka shimfiɗa a gefen hagu, mota ta nutse har ciki. Aka ɗaga jar tuta, kowa ya koma rumfa, mutum arba'in suka tsaya suna kallon janwe na jawo shi, tsakuwa na zuba daga ƙarƙashin bamba. Ya sauko ya cire hula, ya zagaya motar sau biyu, ya shuri tayar gaba. Ya ce iskarta ce ta yi yawa. Injiniya ya durƙusa ya auna, ya ce iska daidai take. Sai ya ce to lalle wani ne ya zubar da mai a kwanar.